Daga Gizago Zuwa Injin Juya Itace: Tarihin Sassaƙa a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san ba carar zakara kaɗai ke tashin mutane da asuba ba, har da amon taɓarya. Da turmi ake sussuka, da shi ake surfe, da shi ake dakan fura, kuma a kansa ake zaunar da amarya ran wankan lalle. Amma da wuya ka ji an tambayi wanda ya sassaƙa turmin, balle a tambayi bishiyar da aka fitar da shi daga cikinta. Mu ɗaliban Hausa mun yi rubuce-rubuce masu yawa kan waƙa da karin magana, mun taɓa ƙira da jima da rini, amma masassaƙi mukan ba shi layi biyu ne a jerin sana'o'in gargajiya mu wuce. Nufina a wannan maƙala shi ne in bi sawun wannan sana'a a ƙasar Ƙaraye da Rogo, in nuna yadda ta rayu, da abin da ya kassara ta, sa'an nan in duba wata shawara da ake yayi a duniya yanzu, watau juya kayan katako da inji daga itacen da ya riga ya mutu ko ya faɗi.

Ƙasar da itatuwanta

Ƙaraye tsohon gari ne a yammacin Kano, kan hanyar da ta haɗa Kano da kudancin Katsina da arewacin Zazzau. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta cikin labarin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina na ƙarni na 17, har da sunan Wambai Giwa. Rogo kuwa tana kudu maso yamma da ita, ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma daga jikin Ƙaraye aka ciro ta aka yi mata ƙaramar hukuma. A 2019 aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta, aka rushe a 2024, aka sake kafa ta a wannan shekarar a daraja ta biyu, ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Wannan siyasa ce, ba ita ta kawo mu ba.

Abin da ya kawo mu shi ne ruwan sama. Wannan yanki ya fi arewacin Kano samun damina, saboda haka itatuwansa sun fi kauri da yawa. Akwai ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kanya da ɗinya, waɗanda ake bari a gona domin 'ya'yansu. Akwai kuma ƙirya da marke da maɗaci da maje da kawo, waɗanda amfaninsu ya fi yawa a jikin itacen. Likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen irin waɗannan da Hausa a littafinsa na 1916, ya kuma faɗaɗa bayanin amfaninsu a wani babban littafi a 1937. Wanda ya duba su zai yi mamakin yawan abin da kakanninmu suka sani, domin daga bakinsu Baturen ya samo mafi yawan abin da ya rubuta.

Masassaƙi bai ɗauki itace duk ɗaya ba. Turmi da taɓarya suna son itace mai nauyi wanda ba ya tsagewa da duka, kuma gara ba ta cinsa, shi ya sa ƙirya ta zama sarauniya a wannan fage. Akushi da ƙoshiya suna son itace mai sauƙin rarakewa, marar ɗaci da wari, kamar danya. Ba mai hankalin da zai zuba miya a kwanon da zai ɗaɗa mata ɗaci. Ƙotar fartanya da ta gatari suna son reshe mai gwiwa wanda Allah ya riga ya lanƙwasa. Allon karatu aduwa ce ta yi suna a kansa, don fuskarta takan yi sumul ta karɓi tawada ta kuma jure wanki. Makaɗa su ma da nasu zaɓin, alilliba na daga ciki. Wannan sani ba a rubuce yake ba. Yaro yakan same shi ne yana riƙe wa ubansa gatari a dawa.

Zamanin da

Kafin zuwan Turawa, da wuya a sami sana'ar da ba ta jingina da sassaƙa ba. Maƙeri ya ƙera ruwan garma, amma sai an sa mata ƙota. Masaƙi na bukatar ƙoshiyarsa, baduku na bukatar ƙwarangwal ɗin sirdi kafin ya lulluɓe shi da fata, mahauci na bukatar gungumen sara, malami na bukatar allo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa masu aikin itace cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su, ya zaunar da su a garuruwa gwargwadon bukatar jama'a. Ke nan tun a farkon ƙarni na 19 an ɗauki sana'ar a matsayin abin da gari ba ya tsayuwa sai da shi.

A yankin da muke magana akwai wani dalili na musamman. Masana tarihin tattalin arzikin Daular Sakkwato, irin su Philip Shea da Paul Lovejoy, sun nuna cewa a ƙarni na 19 rini ya bunƙasa ƙwarai a garuruwan da ke tsakanin Kano da Zariya, kuma Rogo da Zarewa da Beli da Fulatan suna cikin waɗanda suka ambata. To, inda duk aka yi karofi, akwai mabuga a kusa. Turkuɗin da Buzaye ke saye ba ya yin ƙyalli sai an shimfiɗa shi a kan gungume an yi ta bugu da guntayen taɓare masu nauyi. Gungumen nan da taɓaren nan, da dogayen sandunan motsa baba a cikin karofi, duk daga hannun masassaƙi suke fitowa. Mukan yi alfahari da cewa tufafin Kano sun ƙetare Sahara, kamar yadda Heinrich Barth ya gani ya rubuta bayan zuwansa Kano a 1851, amma mukan manta da mutumin da ya sari itacen da aka buge su a kai.

Sana'ar ta gado ce, kuma ta rani ce. Da damina masassaƙi manomi ne kamar kowa. In an kawar da amfanin gona sai ya wasa gatari da gizago ya nufi dawa, wani lokaci ya kwana biyu ko uku a gindin itacen, ya rage masa nauyi a can, domin ba jakin da zai ɗauki gungumen ƙirya sukutum. A gida ake ƙarasa gyara, a kankare da wuƙa, a yi wa akushi zane da ƙarfe mai zafi, a baƙanta shi a shafe da mai. A garuruwa da dama akwai Sarkin Sassaƙa da ke shugabantar su, ta hannunsa fada ke neman aiki. A ƙasar Sakkwato akan kira su sakkarawa, a can yamma kuma cikin Fulanin Senegal akwai Lawɓe, waɗanda jinsi guda ne da ba su da sana'a sai wannan.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba zancen itacen da ya mutu. Akwai masu cewa kakanninmu ba sa sare ɗanyen itace. Wannan son kai ne, ba tarihi ba. Masassaƙi ya fi son ɗanye, don gizago ya fi shigarsa, kuma busasshiyar ƙirya tana dakusar da ƙarfe. Abin da ke gaskiya shi ne akwai ƙa'ida. Itacen da ke cikin gona yana da mai shi, kuma sau da yawa akan gaji ɗorawa ko a raba 'ya'yanta tsakanin magada kamar yadda ake raba gonar. Ba mai barin a sare masa ɗorawa mai ba da kalwa ko kaɗanya mai ba da mai saboda kuɗin turmi guda. Sai ta tsufa ta daina haihuwa, ko iskar farkon damina ta kayar da ita, ko tsawa ta faɗa mata, sa'an nan a kira masassaƙi a yi ciniki, ko a yi rabo: ya sassaƙa biyu, ya ba mai gona ɗaya. Haka kuma in an yi sabon sharar gona, kututturan da suka rage nasa ne in ya nema. Saboda haka amfani da mataccen itace tsohon abu ne a wurinmu, sai dai ba don an karanta shi a littafi ba, don lissafin manomi ne ya kai shi can.

Turawa da dokar daji

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga nan gyaɗa da auduga suka zama hanyar biyan haraji. Gonaki suka yi ta faɗaɗa, dawa ta yi ta ja da baya. A lokaci guda kuma gwamnati ta shigo da dokar daji, ta 1916 da wadda ta biyo baya a 1937, aka keɓe gandun daji, aka sa wasu itatuwa cikin jerin waɗanda ba a taɓawa sai da takardar izini da biyan kuɗi. En'e ce ke zartarwa ta hannun malaman daji. Tsoron Turawa ya ƙaru bayan wani masanin daji mai suna E. P. Stebbing ya yi shela a 1935 cewa hamada na tahowa kudu da gudu. An kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa a 1936 zuwa 1937, ya zagaya iyaka, ya dawo ya ce abin bai kai yadda Stebbing ya kururuta ba. Duk da haka dokar ta zauna.

A ganina wannan doka ta yi amfani ta kuma yi ɓarna. Ta tsare wasu dazuzzuka da da tuni sun ƙare. Amma ta raba talaka da itacen gonarsa a zuci. Mutumin da ya ga sai ya nemi izini kafin ya sari abin da ubansa ya bar masa, me zai sa ya raini sabon tsiro? Masassaƙi kuwa, wanda jiya fada ke nemansa, ya wayi gari yana shiga dawa a sace. Tsofaffi a yankinmu har gobe in suna labarin malamin daji sukan rage murya, kamar yana bayan danga.

Amma ba doka ce ta karya sana'ar ba, kasuwa ce. Kantunan Turawa sun fara kawo kwanonin ƙarfe masu fenti, daga baya aka kafa masana'antun yin su a Kano, sa'an nan roba ta biyo baya. Kwano ba shi da nauyi, yana da ƙyalli, ana jera shi a ɗakin amarya ya kai rufi. Akushi ya koma na tsofaffi, har aka mai da shi alamar ƙauyanci. Ni kaina na taso na tarar da akushin kakana, baƙi wuluk, an ɗaure tsagarsa da waya, mu yara muna yi masa dariya, alhali tuwon da ke cikinsa ya fi namu daɗewa da zafi. Injin niƙa ya rage wa turmi aiki, ko da yake bai kashe shi ba, don har yau ba injin da ke kirɓa fura yadda mata ke so. Kafinta mai zarto da ƙusa da katakon Kudu ya ƙwace ƙyaure da kujera. Abin da ya rage wa masassaƙi shi ne turmi da taɓarya da muciya da ƙota da allo da 'yar kujerar tsuguno.

Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a Arewa. Wasu malaman Jami'ar Bayero da abokan aikinsu, cikinsu har da Michael Mortimore, sun yi bincike suka fitar da littafi a 1990 kan itacen girki a Kano. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton mutane: manoman kewayen birni ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, suna tattalinsu, kuma galibin itacen da birni ke ƙonawa daga nesa motoci ke kawo shi, daga dazuzzukan da ba su da takamaiman mai su. Darasin a fili yake. Itacen da ke da uban gida yakan rayu, na gwamnati da na kowa shi ke tafiya. Irin wannan aka gani a Maraɗi tun daga 1983, inda Tony Rinaudo da manoma suka koma rainon tohon kututture maimakon dashe, kuma abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne.

A 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Ta kawo kamun kifi da noman rani, ta kuma shanye gonaki da garuruwa tare da itatuwan da ke kansu. Bayan wannan sai injin sare itace ya yawaita, wanda ke kayar da abin da ya shekara ɗari kafin a sha ruwa a dawo. Kasuwar gawayi ta buɗe, kuma abin takaici ƙirya da marke su ne gawayinsu ya fi kyau. A can gabas, musamman Taraba, an yi wa madobiya wawaso ana kai ta Sin, har aka sa ta cikin jerin yarjejeniyar CITES daga farkon 2017. Masassaƙi mai gizago bai isa ya yi gasar sayen itace da waɗannan ba.

Injin juya itace

Juya itace daban yake da sassaƙa. A sassaƙa itacen na zaune, ƙarfe ke motsi. A juyi kuwa akan ɗaure itacen tsakanin ƙarafa biyu a yi ta juya shi da sauri, mai aiki ya kanga masa kaifi, ya fito a kewaye daidai wa daida. Dabarar tsohuwa ce. Akwai zanenta a wani kabari na Masar tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a Fas da Marrakesh ana iya ganin masu juyawa da baka da tsirkiya, suna riƙe ƙarfen da yatsun ƙafa. Tagogin katako na tsofaffin gidajen Alƙahira da haka aka yi su. Abin lura shi ne, duk da daɗewar cinikinmu da Arewacin Afirka, masassaƙin Hausa ya tsaya kan gizagonsa. Ina jin dalilin shi ne kayan da yake yi manya ne, baka da tsirkiya ba za su juya gungumen turmi ba.

Ta hanyar makaranta da kafintoci injin ya shigo mana. Makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen koyon sana'a, daga baya aka yi makarantun koyon sana'a a larduna. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Turai ta Gabas ta rarraba wa sakandare. Sanin kowa ne da yawansu sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin malami. Inda injin ya kama aiki sosai shi ne rumfunan kafintocin birni, kuma aikinsa a can bai wuce ƙafar gado da ta tebur ba.

A Turai da Amurka da Afirka ta Kudu akwai masu ƙaramar sana'a da ke bin itacen da iska ta kayar ko aka sare don yin hanya, su juya kwanoni da faranti da 'yan tuluna na ado su sayar. Shin wannan zai yiwu a Ƙaraye da Rogo? Abin da ya ba ni sha'awa a ciki shi ne girman itacen da ake bukata. Turmi na cin gindin itace guda. Injin juyi kuwa yana iya cin abinci daga reshe mai kaurin cinya, ko guntun da masassaƙi ya yar, ko kututturen da ake shirin cinna wa wuta. Mangwaron da ya tsufa, darbejiyar da aka sassabe a bakin titi, kanyar da ta faɗi, duk kaya ne. Akushi, faranti, maburgi, ƙaramin turmin dakan yaji, marfin tulu, ƙwayar tasbaha, duk abubuwa ne masu kewaye. Guntun ƙiryar da in an ƙona shi bai cika kwanon gawayi ba zai iya zama abin da za a gada.

Sai dai aikin na da sharuɗɗa. Ɗanyen itace in ya bushe yakan tsuke ta gefe fiye da ta tsawo, kuma yakan tsage daga tsakiya. Masu juyi sukan raba gungume biyu su kauce wa zuciyar, su fara juya kwanon da kauri, su shafe bakin da kakin zuma ko fenti, su ajiye a inuwa watanni, sa'an nan su mai da shi kan inji su ƙarasa. A ƙasarmu, inda hunturu ke busar da komai cikin kwanaki, wannan mataki ya fi wuya, kuma yana nufin jari zai kwanta rabin shekara. Wane masassaƙin ƙauye ne ke da wannan sararin? Ga matsalar lantarki, ko da yake ana iya haɗa injin da irin injin da ke jan niƙa ko da hasken rana. Ga kuma mai saye. Matar ƙauye ba za ta bar robar da ta fi araha ba. Kasuwar tana birni, a Kurmi da wuraren sai da kayan gargajiya da masu haɗa kayan ɗaki, inda akushi ya fara dawowa a matsayin abin ado da na cin tuwon alfarma. Tsakanin Rogo da can kuwa akwai dillali, kuma mun san rabon da dillali ke barin mai sana'a da shi.

Babban abin tsoro shi ne kalmar "matacce" ita kanta. Ba yau aka fara kewaye ɓawon itace da gatari ko a tara masa kara a gindi a sa wuta ba, in ya bushe bayan shekara a ce ai mutuwa ya yi. In kayan mataccen itace suka yi kuɗi, itatuwa za su riƙa mutuwa da gangan. A da mai unguwa da dagaci sun san kowace ɗorawa da mai ita, kuma Sarkin Sassaƙa ya san wanda ya sari me. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da ya kawo ƙarshen En'e, ikon daji ya koma hannun ma'aikata, masu gari suka zama 'yan kallo. Duk wanda ke son ya kafa wannan sana'a a Zarewa ko Yammedi ko Turawa, kafin ya sayi inji, sai ya fara samun wanda zai tsaya ya shaida cewa wannan kanya iska ce ta kayar da ita, kuma mai gonar ya karɓi kuɗinsa a hannu.